Daga Harafin H Zuwa M: Yadda Ake Shiga Ƙungiyar Masu Harba Roka a Amurka, a Sami Shaidar Manyan Injina

Ranar Asabar ce, hantsi ya ɗaga, a wata gonar ciyawa mai tafiyar awa biyu a mota daga garin da nake karatu. Motoci sun yi sahu a gefe, kowa ya kafa rumfa ya baje kayansa a kan tebur, ka rantse ranar kasuwa ce. Can gaba, bayan igiyar da aka ja, dogayen sandunan ƙarfe ne a tsaye, kowanne da roka a jikinsa. Lasifika ta kira sunan mai roka, ta faɗi nauyinta da injin da ke cikinta, aka ƙirga daga biyar zuwa ɗaya. Hayaƙi ya tashi, ƙara ta biyo baya, kowa ya ɗaga kai. Amma ba a tafa ba sai da laima ta buɗe a sama.

Wannan tafin da ake jinkirtawa shi ne abin da nake so ka riƙe tun daga farko. Takardar shaidar manyan injina ba wanda ya fi kowa tashi sama ake ba wa ba. Wanda rokarsa ta tashi a miƙe, ta sauko a hankali, aka duba aka ga za ta iya sake tashi, shi ne ke komawa gida da sa hannu. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka ɗora su.

Da fari, ka san haruffan

Ana auna ƙarfin injin roka da jimillar turin da yake yi tun daga kamawar wuta har zuwa mutuwarta, da ma'aunin da ake kira niyuton-sakan. An raba injina bisa haruffa, kuma kowane harafi ninkin na bayansa ne. Harafin A ba ya wuce 2.5, B ya tsaya a 5, C a 10, haka har zuwa G mai iyaka 160. Daga A zuwa G ƙananan rokoki ne na 'yan makaranta da masu sha'awa, irin waɗanda kamfanin Estes ya shahara da su. Daga H ne ake shiga gidan manya.

Shaidar manyan injina mataki uku ce. Mataki na 1 yana ba ka damar saye da harba H, wato daga 160 zuwa 320, da kuma I mai kaiwa 640. Mataki na 2 ya ƙunshi J da K da L, har zuwa 5,120. Mataki na 3 shi ne M da N da O, iyakarsa 40,960. Ba a tsallake mataki.

Rubutun da ke jikin inji ma karatu ne. Ɗauki H128W-14 na kamfanin AeroTech. H ajinsa ne. 128 matsakaicin turinsa ne a niyuton. W nau'in makamashinsa ne, mai farar wuta da farin hayaƙi. 14 kuma sakan ne na jinkiri, tsakanin mutuwar wuta da fashewar ɗan albarushin da ke tunkuɗo laima waje. Ka riƙe wannan lamba ta ƙarshe, domin ita ce ta kayar da ni a karon farko, za mu dawo kanta.

Sai ka shiga ƙungiya

Ƙungiyoyi biyu ne ke ba da wannan shaida a Amurka. NAR ita ce babba a shekaru, an kafa ta a 1957, shekarar da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik. A lokacin samari sun rikice da son roka, suna cusa kan ashana da hodar sinadarai cikin bututun ƙarfe a gidajensu, wasu suka rasa yatsu, wasu idanu, wasu rayukansu. Orville Carlisle, mai sayar da takalma a jihar Nebraska wanda ya san aikin wasan wuta, ya ƙera ƙaramin inji da za a riƙa yi a masana'anta. G. Harry Stine, wanda ya yi aikin tsaron fili a sansanin gwajin makamai na White Sands, ya tsara dokokin kiyaye lafiya. Daga nan sana'ar ta samo tushenta: gangar jikin roka taka ce ka ƙera, inji kuwa sayensa ake yi daga waɗanda aka tantance.

Ta biyu ita ce Tripoli, wadda ta fara a 1964 a matsayin kulob ɗin kimiyya na 'yan sakandare a yankin Pittsburgh, ta zama ƙungiyar manyan rokoki a shekarun 1980. Kowacce na karɓar shaidar 'yar'uwarta, don haka kada ka ɓata lokaci wajen tunanin wacce ta fi. Duba wacce ke da reshe mai fili kusa da kai, ka biya kuɗin shekara, ka karɓi lambarka. Kuɗin ya haɗa da inshorar da masu gonaki ke nema kafin su ba da aron filinsu. Sai ka cika shekara 18 za a ba ka cikakkiyar shaida, ko da yake dukkansu suna da tsarin da matasa ke harbawa a ƙarƙashin kulawar babba. Wanda ke Birtaniya zai nemi UKRA, na Kanada kuma CAR, kuma Tripoli tana da rassa a ƙasashe da dama.

Akwai dalilin da ya sa ba za ka iya yin wannan kai kaɗai a bayan gari ba. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ce duk rokar da ta wuce giram 1,500 ko take ɗauke da makamashi fiye da giram 125 sai an sami izinin sararin sama kafin a harba ta. Ana neman izinin aƙalla kwana 45 kafin ranar, a rubuta iyakar tsawon da za a kai, a kuma sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage. Ƙungiya ce ke ɗaukar wannan wahala. Kai dai ka zo da rokarka, ka tambayi tsawon da aka yarje a ranar, ka zauna ƙasa da shi.

Ka je kallo kafin ka sayi komai

Gani ya kori ji. Ranar farko ka je hannu rabbana, sai hula da ruwa mai yawa da kujerar naɗewa, da dadduma idan azahar za ta same ka a can, domin filayen nan ba inuwa ba famfo. Ka gabatar da kanka a teburin rajista, ka ce kana shirin mataki na 1. Za ka ga yadda dattawan wurin ke murna da sabon zuwa. Da yawansu tsofaffin injiniyoyi ne da malaman makaranta, kuma ba sa rowar sani.

Mutum biyu za ka zuba wa ido. Na farko jami'in tsaron fili, wanda kowa ke kira RSO. Kowace roka sai ta bi ta hannunsa, kuma idan ya ce a'a, magana ta ƙare. Na biyu mai danna makunni, LCO, wanda ke riƙe da lasifika. Shi ke duba sama ko akwai jirgi, ya duba fili ko akwai mutum, sannan ya ƙirga. In ka ji ya yi gargaɗin a ɗaga kai, ka miƙe tsaye ka nemo rokar da idonka, ka nuna ta da hannu don na kusa da kai su gani. Ba a gudu ido a ƙasa.

A wannan ranar ce kuma za ka gano wanda zai shaidi tashinka. A Tripoli shugaban reshe ne, ko ɗan kwamitin ƙwararru, ko ɗan majalisar gudanarwa. A NAR mambobin da suka riga ka samun shaidar ne ke tsaya maka. Ka yi magana da shi tun yanzu, ka karɓi shawararsa. In ba ka taɓa harba roka ba ko sau ɗaya, zai ce ka fara da ƙarama a kan injin F ko G, kuma gaskiya ya faɗa maka.

Zaɓen roka da haɗa ta

Nan ne mutane ke jawo wa kansu wahala. Sabon shiga yana son siririya mai sheƙi da za ta ɓace a sararin sama. Ni kuwa shawarata ita ce mai ƙiba, mai ɗan nauyi, mai sauƙin haɗi: faɗin inci 4, fikafikai uku ko huɗu, inji guda. LOC IV ta kamfanin LOC Precision da Zephyr ta Apogee suna cikin waɗanda aka fi yin mataki na 1 da su. Bututun kwali ne mai kauri da fikafikan katako, kuma a kan ƙaramin H ba sa wuce 'yan ɗaruruwan mitoci. Kana ganinta tun daga tashi har sauka. In ramin injinta milimita 38 ne ya fi, domin da ɗan zoben ragewa za ka sa mata inji mai milimita 29 yau, gobe kuma ka sa mata babba.

Sharaɗi ne kai ka haɗa ta da hannunka. Wajen haɗin, wurare uku ne ke neman natsuwarka.

Fikafikai. A manyan rokoki ba a manna su a bayan bututu kawai. Ana tsaga jikin bututun, harshen fiffiken ya shige ya zauna a kan bututun inji na ciki, a ɗaure shi da gam ɗin ifoksi ciki da waje. Ka goge duk inda gam zai taɓa da samfefa, in ba haka ba zai kama sheƙin sama ne kawai ya ɓalle daga baya. Dabara ɗaya: kada ka manna zoben ƙarshe na gindi, cikin zobban da ke riƙe bututun inji a tsakiya, sai ka gama zuba gam a kusurwoyin ciki. Kada kuma ka cika gam a gindi, domin nauyin baya abokin gabar daidaito ne.

Igiyar haɗi. Ita ce ke riƙe hanci da gangar jiki da laima bayan sun rabu a sama. Ka ɗaure ta a ƙarfe mai ido da aka ɗaure da noti a zoben sama, ba da gam a bango ba. Ka yi ta da tsawo, ninki uku zuwa biyar na tsawon rokar, don fizgar rabuwa ta mutu a hanya. Ɓangaren da ke kusa da inji ya zama na Kevlar wanda ba ya narkewa, ka kuma naɗe laima a cikin ƙyallen Nomex mai jure wuta don kada zafin albarushi ya huda ta.

Mariƙin inji. Albarushin da ke tura hanci gaba yana tura inji baya. In ba ka kulle shi da mariƙi mai murɗawa ko ƙugiyoyin ƙarfe ba, injin ne zai fice ta gindi, laima ta zauna a ciki, roka ta dawo da ka kamar mashi. Ko ta sauko lafiya, in inji ya faɗi a hanya ba za a sa maka hannu ba.

Daidaito: lissafin da ba a yi masa ha'inci

Roka na da cibiya biyu. Cibiyar nauyi ita ce inda za ta tsaya daidai idan ka ɗora ta a kan yatsa ko ka rataye ta da igiya. Cibiyar iska kuma ita ce inda turin iska ke taruwa a jikinta. Dole cibiyar nauyi ta kasance a gaba, wajen hanci, cibiyar iska a baya, kuma tazararsu ta kai aƙalla faɗin bututun sau ɗaya. Sau ɗaya da rabi zuwa biyu ya fi kwantar da hankali. Duk wanda ya taɓa ganin kibiya ya san abin: ƙarfe a gaba, gashi a baya. In tazarar ta gaza, roka za ta yi wulwulawa a sama da wuta a gindinta. In ta yi yawa sosai, za ta juya hanci ta fuskanci iska ta tafi a karkace.

Cibiyar iska lissafinta ake yi, bisa ƙa'idojin da James Barrowman ya fitar a shekarun 1960. Yau manhajar OpenRocket, wadda kyauta ce, tana yi maka. Amma cibiyar nauyi da hannu za ka auna ta, bayan ka sa inji da laima da komai kamar yadda za ta tashi. Ka ɗora rokar a kan sikeli, ka shigar da ainihin nauyin cikin manhajar, domin fenti da gam suna ƙara nauyin da takardar kamfani ba ta lissafa ba. Sannan ka yi alama biyu a jikin bututun da alƙalami. Jami'in tsaro zai neme su.

Daga manhajar za ka fitar da amsoshi uku. Na farko, ko injin zai iya ɗaga ta da kuzari. Ƙa'idar NAR ta ce matsakaicin turi ya kai aƙalla ninki uku na nauyi, amma a fili ninki biyar ake so. Roka mai kilo 1.5 nauyinta kusan niyuton 15 ne, H128 kuwa ya ninka wannan fiye da sau takwas, ka ga babu damuwa. Na biyu, gudunta lokacin barin sandar harbi ya kai kusan mita 15 a sakan, domin ƙasa da haka fikafikai ba su fara aiki ba. Na uku, sakan nawa za ta yi tana hawa bayan wuta ta mutu.

Wannan na ukun shi ne jinkiri. Injin H128 bai kai sakan 2 yana ci ba, sauran hawan duk da ƙarfin da ta tara ne. Ana so laima ta fito daidai ƙololuwa, lokacin da roka ta kusan tsayawa cik. Injina kan zo da dogon jinkiri, a rage shi da ɗan abin huji da kamfanin ke sayarwa. Ana ragewa, ba a ƙarawa. Ni a gwajina na farko na yi lissafi da nauyin da ke rubuce a takarda, ban sake aunawa bayan fenti ba, na kuma bar jinkirin da tsawo. Rokar ta kai ƙololuwa, ta juyo, ta fara gangarowa da gudu, ina ƙirga sakanni a zuciya, kafin laima ta fito da fizga. Igiyar ta tsaga bakin bututun kamar an ja zif, tsawon tafin hannu da rabi. Dattijon da ya tsaya min ya juya ta a hannunsa, ya sa yatsa cikin tsagar, ya ce wannan ba za ta sake tashi yau ba. Bai sa hannu ba, kuma daidai ya yi. Na yanke wurin, na yi masa ƙari, na dawo bayan wata guda.

Ranar da za ka tashi

Ka isa da wuri, domin iska ta fi kwanciya da safe. Doka ta hana harbi idan iska ta wuce mil 20 a awa, wato kilomita 32, ta kuma hana harbawa cikin gajimare. Amma kai mai neman shaida, in ka ga tutoci na kaɗawa da ƙarfi, ka haƙura sai wani watan. Sannu ba ta hana zuwa.

An yarda ka sayi inji guda domin gwajin tun kafin ka sami shaida, kuma sau da yawa dillali na zuwa fili da motarsa. Ka yi oda tun da wuri. Akwai injin da ake amfani da shi sau ɗaya a jefar, akwai kuma mai kwanson alminiyam da ake sake cikawa. Na Cesaroni zura shi kawai ake yi cikin kwanso a murɗa. Na AeroTech irin na da yana da zobban roba da ake shafa wa man giris a jera bi da bi, kuma zobe ɗaya in ya zauna ba daidai ba, wuta za ta huda ta inda ba a so. Ka shimfiɗa takardar umarni a gabanka, ka bi ta layi layi, ka roƙi mai shaidarka ya tsaya a kanka. Kada ka yi hira da kowa a lokacin.

Ka naɗe laima ta yadda za ta zame da kanta idan ka kifar da bututun. Ga roka mai kilo 1.5, laima mai faɗin kusan mita 1 za ta sauko da ita a gudun mita 5 zuwa 6 a sakan. Hanci kuma kada ya yi sako-sako, kada ya yi tauri. In ka ɗaga roka ta hanci ya riƙe, in ka girgiza da ƙarfi ya fara zamewa, to ya yi. Da ɗan tef ake gyara wannan.

Makunni, wato 'yar wayar da ke kunna wa inji wuta, ba ya shiga inji a rumfa. Ka manna shi a jikin roka da tef, ka cika katin tashi, ka rubuta cewa gwajin shaida ne, ka tafi teburin RSO. Zai murɗa fikafikai, ya ja hanci, ya duba mariƙin inji, ya tambaye ka ina cibiyoyinka biyu, wane tsawo kake sa ran kaiwa, jinkirin sakan nawa ka bari. Ka amsa da lambobi.

Idan an buɗe fili, ka zura 'yan maɓallan da aka ɗaura a gefen roka cikin kwarin sandar harbi, ka tabbatar tana zamewa ba tare da cijewa ba. Sanda na iya karkata kaɗan nesa da jama'a, amma ba fiye da digiri 20 daga miƙe ba. Kafin ka haɗa wayoyi, ka goga bakunansu biyu da juna, in ka ga tartsatsi akwai wuta a layin, ka tsaya ka kira mai kula. Sai ka tura makunni ta bakin inji har ya tokare can sama, domin daga sama wuta ke kamawa. Ka maƙala wayoyin kada su taɓa juna, ka koma bayan igiya. Ga H da I da J, tazarar ƙafa 100 ce, kusan mita 30.

In aka danna bai kama ba, ba wanda ke matsawa kusa sai an jira sakan 60. Yawanci makunni ne ya ƙone bai kunna ba, a canza shi a sake.

In kuwa ta tashi, kada ka ɗauke ido daga kanta don ɗaukar hoto, ka bar wa aboki wannan. Ka bi ta har ta taɓa ƙasa, ka riƙe wata alama a bayanta, itace ko rumbun hatsi, ka miƙe zuwa wurin ba tare da kaucewa ba. Gonar masara tana haɗiye roka da laimarta ɗungurungum, shi ya sa wasu ke ɗaura ƙaramin abu mai ƙara a igiya. In ta rataye a wayar lantarki, kada ka ko kusance ta. A kira kamfanin wuta. Mutane sun mutu a kan wannan.

Ka kawo ta wurin mai shaidarka kamar yadda ka same ta, ba tare da gyaran komai ba. Ƙujewar fenti ba laifi ba ce. Karyewar fiffike, babbar tsaga, laimar da ba ta buɗe ba, ko injin da ya fice, duk faɗuwa ne. In injin ne ya fashe da kansa, ba a ƙirga tashin, sai ka sake. In komai lafiya, ya sa hannu, a aika wa ƙungiya, sabon katinka ya iso.

Mataki na 2

Kada ka yi hanzari. Ka harba H da I sau da dama, a ranar iska da ranar lumana, ka ga yadda roka ɗaya ke canza hali. Mataki na 2 yana da jarrabawar rubutu da sai ka ci kafin ka tashi. Ta Tripoli tambaya 50 ce, ana neman kashi 90 cikin ɗari. Dukkan ƙungiyoyin suna wallafa tarin tambayoyinsu, wasu a kan fasaha, wasu a kan doka, musamman dokokin FAA da NFPA 1127, kundin ƙa'idojin kiyaye lafiya na manyan rokoki. Tashin kansa kamar na farko ne, sai dai da J ko K ko L. Ƙaramin J a cikin roka mai ƙiba ya ishe ka.

Abin da ke sabo a wannan mataki shi ne laima biyu. Ka yi lissafi: roka da ke saukowa daga mita 300 a gudun mita 6 a sakan tana yin sakan 50 a sama, iska mai mita 5 a sakan za ta kai ta mita 250. Daga mita 1,500 kuwa, iskar nan za ta kai ta fiye da kilomita guda. Maganin shi ne a sa na'urar auna tsawo a tsakiyar roka. A ƙololuwa ta kunna albarushi na farko, ƙaramar laima ta fito, roka ta gangaro da sauri. Sai ta iso mita 150 zuwa 300 daga ƙasa na'urar ta kunna na biyu, babbar laima ta buɗe. Yawan albarushin ba a cankarsa. Ana gwada shi a ƙasa, a kwantar da roka ba inji, a kunna daga nesa, a ga ko ta rabu da kyau. Sabon batir kowane tashi, kuma ba a kunna na'urar sai roka na tsaye a kan sanda. Za ka ji tana kiɗa ƙara, ka ƙirga, ka tabbatar ta ga wayoyinta biyu. Shawarata ita ce ka koyi wannan a kan injin I da ka saba da shi, kada ka haɗa sabuwar na'ura da sabon inji a ranar jarrabawa.

Wata magana ga ɗalibanmu da za su koma gida. Injin roka kaya ne mai haɗari a dokar sufuri, ba ya shiga jakar jirgi ko kaɗan. Katin NAR ko na Tripoli kuma ba izini ba ne a Najeriya ko Nijar, inda sararin sama ke hannun hukumomin jiragen sama da na tsaro, kuma kowa ya san halin da ake ciki. Abin da zai bi ka gida lafiya shi ne ilimin. Da gorar lemo ta roba da ruwa da famfon keke za ka koya wa yara cibiyar nauyi da cibiyar iska da aikin laima a filin makaranta. Wanda ke son abin ya zama sana'a, hukumar sararin samaniya ta Najeriya tana da cibiyar nazarin roka a Epe ta jihar Legas.

Mataki na 3

Wannan aikin watanni ne, wani lokaci fiye da shekara. Tun kafin ka yanka bututu za ka nemi masu duba ka: a Tripoli mutum biyu daga kwamitin ƙwararru, wato TAP, a NAR kuma kwamitin mataki na 3, wato L3CC. Za ka kai musu zane, da lissafin daidaito, da jerin kayan da za ka yi aiki da su, da tsarin wayoyi. Kana gini kana ɗaukar hoto, musamman wuraren da za su rufu bayan an zuba gam. Inji a nan ba shi ke fitar da laima ba, na'ura ce, kuma dole a sami ta biyu mai batirinta daban, ta yadda in ɗaya ta mutu ɗayar za ta ceci rokar. Za ka rubuta jerin abin da za ka yi a ranar ɗaya bayan ɗaya, wani na karantawa kana aikatawa.

Ba kowane fili ke ɗaukar M ba, don haka mutane kan yi doguwar tafiya zuwa Argonia ta jihar Kansas, ko busasshen tafkin Lucerne a Kalifoniya, ko babban taron Tripoli na LDRS, wanda aka fara yi a 1982. Can ƙarshen hanya akwai hamadar Black Rock ta Nevada, inda ake taron BALLS, kuma inda ƙungiyar masu sha'awa ta CSXT ta harba rokar da ta kai kusan kilomita 116 a watan Mayun 2004.

Rokar mataki na 3 takan fi mai ita tsawo, mutum biyu ko uku ke ɗaukarta zuwa sanda, wani ya hau tsani ya kunna na'urori. Tazarar M ƙafa 500 ce, kusan mita 150. Daga wannan nisa za ka ga wuta ta feso, ƙura ta tashi, roka ta bar sanda, sannan ƙarar ta iso ta bugi ƙirjinka. Daga nan sai fili ya yi tsit, kowa na kallon sama da hannu a goshi, ana jiran ƙaramar laima, sannan babba.